Rumbunan Baba a Cikin Waya

Ranar da aka fara gaya mini sunan shirin, da Turanci aka faɗe shi. Na tambayi ma'anarsa, aka ce mini totur. Totur dai na mota, wanda ake takawa ta ƙara gudu. Wai za su ɗauki ƙaramar sana'a su taka mata shi har ta kamo manya. Na yi dariya, na ce Allah ya sa sun haɗa da birki.

Ni mai sayar da hatsi ne a Dutsin-Ma. Da tiya ɗaya na fara, a gefen rumfar wani, ina auna gero da dawa cikin rana, har Allah ya kai ni ga shago da sito nawa na kaina. Da garin ya cika da ɗalibai da ma'aikata, sai na lura matan ma'aikata ba su da lokacin surfe da regaya. Na sayi tsohon inji, na fara gyara gero, a surfa, a wanke, a niƙa da citta da kanumfari, a ƙulla a leda mai hatimi. Garin kunu da garin fura. Abin ya karɓu a cikin gari. Inda na tsaya shi ne ƙofar manyan kantunan Katsina da Kaduna. Ba sa karɓar kaya sai da lambar hukumar abinci, kuma ba sa sauraron mutum sai wani ya kama hannunsa ya shigar da shi. Wata Hajiya, matar wani malamin makaranta, wadda take sayen gari a wurina, ita ta kawo mini labarin shirin. Ta ce, "Alhaji, ka je. Ko ba ka samu komai ba, ka ga mutane."

Na je da idona biyu. A ɗakin taron wani otal ake yi, mu kusan duka masu ƙananan sana'o'i ne, akwai mai sabulu, akwai mai kiwon kaji, akwai samari masu harkar waya. Ba zan ce ban ƙaru ba. A nan na gane hanyar neman lambar nan ba tare da ɗan tsakiya ya ci ni ba. A nan aka nuna mini cewa ledar da nake amfani da ita tana shan iska. Amma ban daɗe ba na gane cewa ainihin kasuwar ba a kan kujerun take ba, tana wurin shan shayi da wurin alwala. Abin da suke ta koya mana da zane a allo, wai yadda ake ƙulla hulɗa da mutane, mu a wurin suna da gaisuwar mutuwa muke yin sa tun kakanni. Wani Alhaji daga Kaduna, mai kantuna, da aka gayyato ya yi mana magana, a bakin famfo na same shi yana neman buta. Na ba shi tawa. Kafin a tayar da salla ya san sunan garina, na san wane irin kaya kantunansa suka rasa. Wannan shi ne abin da na je nema, kuma na same shi tun makon farko.

Mai kula da shirin wani saurayi ne mai fara'a, ɗan Hausawa amma tashin birni, kullum cikin kwat. Muna ce masa Yallaɓai. Yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita. "Alhaji, ba gari kake sayarwa ba, labari kake sayarwa. Ina labarinka? Wa ya noma geron nan? Mutane suna son su ga fuska."

Akwai fuskar kuwa. Daɗin garina ba daga injina yake ba, daga geron wani dattijo yake, abokin marigayi mahaifina, a wani ɗan ƙauye can bayan Barkiya. Baba nake ce masa. Tsohon iri yake shukawa, kuma ba ya sussuke gero gaba ɗaya. A dammansa yake zuba shi cikin rumbu, ba maganin ƙwari ba komai, sai in ana bukata a ciro kaɗan a sussuka a kan tsararren dandali. Geron yana zuwa da ƙamshinsa, ba tsakuwa. Shekara da shekaru ina ɗauka a wurinsa, amma ban taɓa tambayarsa abin da yake da shi ba. Ba a yi. In ya ga dama sai ya aiko, "A gaya wa yaron nan ya zo ya ɗauki ɗan abin da ya samu." Ko iyalinsa ba sa leƙa rumbun. Tun da can haka al'adar take, abin da ke cikin rumbu rufin asirin mai gida ne. Da mutanen daji suka addabi yankinmu, al'adar ta tashi daga kunya ta koma tsaron rai. Kowa ya san akwai masu kai musu rahoto, infoma, kuma kowa ya san cewa wanda aka ji yana da shi, shi ake zuwa wa.

Na faɗa wa Yallaɓai duk wannan, ban rage komai ba. Na ce masa in dai hoto ne, ga ni, ga injina, ga shagona da ke tsakiyar gari, a ɗauka. Ƙauye kuwa a bar shi. Ya yi ta naci. Ya ce masu ba su tallafi suna son su tabbatar cewa da gaske manoma suna amfana, ziyara ce kawai, a gaisa a dawo. Na ce to, da sharaɗi: ba hoton rumbu, ba hoton gida, ba sunan wuri.

Ya dafa ƙirji. "Haba Alhaji. Mu ma fa 'yan gida ne. Kakana manomi ne."

Ban kai su ba sai da na je na nemi izinin Baba. Ya ce, "Baƙonka ai baƙona ne. Su zo su sha fura."

Muka je da hantsi, ni da Yallaɓai da wani mai ɗaukar hoto da suke yawo da shi. A gabana ya bar babbar kyamararsa a mota, na ji daɗin haka. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, aka kawo fura da nono, aka yanka zakara. Hira ta yi daɗi har Yallaɓai ya gyara zama ya ce, "To Baba, kamar buhu nawa kake samu a shekara?"

Baba ya ce, "Alhamdulillahi. Ana samun na kunu."

"A'a Baba, ina nufin adadi. Ko da kintace ne."

Baba ya dube ni, ya dube shi, ya yi murmushi. "Ɗan nan, a garinku in an ba baƙo fura, sai ya nemi a ƙirga masa shanun?"

Aka yi dariya, har da shi Yallaɓan. Na ɗauka ya ji. Da azahar ta yi muka tashi zuwa masallaci, mai hoton ya ce zai zaga ya kama ruwa, mu yi gaba. Aka nuna masa bayan gida. A bayan gidan rumbunan suke, a jere, an yi musu sabuwar jinka. Waya tana aljihunsa.

Bayan kamar mako biyu, Hajiyar nan ta shigo shagona tana murna. "Alhaji, ashe kun zama 'yan fim! Na ga dattijonku." Ta miƙo mini wayarta.

Da rumbunan aka buɗe bidiyon. An bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali, da kiɗa mai taushi a ƙasa. Sai allon mararrabar Barkiya, wanda aka ɗauka ta tagar mota. Sai tsamiyar, wadda duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san ta. Sai fuskar Baba yana dariya, dariyar nan da ya yi lokacin maganar shanu. A ƙasa an rubuta da Hausa da Turanci cewa ga manomin da rumbunansa ba sa ƙarewa. Daga ƙarshe aka nuna ledar garina.

Na bar shagon a buɗe na hau babur zuwa otal ɗin. Na sami Yallaɓai a gaban kwamfuta yana shan lemo.

"Yallaɓai, me muka yi da kai?"

"Alhaji! Ka gani ko? Wallahi duk cikin bidiyoyinmu babu wanda ya yi tafiyar naka."

"Na ce me muka yi da kai kafin mu tafi?"

"Ai ba mu faɗi sunan Baba ba. Duba da kyau, ko sau ɗaya."

"Ka nuna fuskarsa, ka nuna itacen ƙofar gidansa, ka nuna allon hanya. Me ya rage? Ka ba su kuɗin mai?"

Ya ajiye lemon. "Alhaji, kar mu cika tsoro. Mutanen nan na daji, ina suka ga lokacin kallon shafinmu?"

"Wayarsu ta fi taka tsada. Cire shi yanzu ina tsaye."

Sai ya fara murza hannu. Wai ba shi da hurumi, sai ya tuntuɓi babban ofishinsu. Wai masu tallafi sun riga sun gani sun yaba, har sun sa a nasu shafin. Wai in yi tunanin amfanin da sana'ata za ta samu. Na ce masa sana'ata ba ta kai ran tsoho ba. Ya ce, "Insha Allahu ba abin da zai faru." Wannan kalma ita ta fi ƙona mini rai. Mutum ya haƙa rami a kan hanya da hannunsa, sannan ya ce insha Allahu ba wanda zai faɗa.

Sai da na yi ta zarya kafin suka cire shi daga shafinsu. Amma an riga an yi ɓarin gero a cikin kaji. Samarin ƙauyen da kansu sun tura wa juna don alfahari, ga ƙauyenmu a waya. 'Yan uwansu da ke ci-rani a kudu sun gani sun turo gida. Ba mai iya bin wayoyin nan ɗaya ɗaya ya goge.

Kiran ya zo wa babban ɗan Baba wata rana bayan la'asar, yana gona. Baƙuwar lamba. Muryar ta yi sallama da ladabi, ta ce, "A gaishe da mai rumbuna. Mun gani. Ashe akwai, kuke mana kukan babu." Aka kashe.

Ɗan ne ya kira ni. Da gari ya waye na ɗauki mota na tafi. Na tarar an riga an cire jinkar rumbu biyu, mata sun kewaye turame, maza suna ta fito da damma. Geron da Baba ya saba cirowa kaɗan kaɗan har wata kakar, shi ake sussukewa gaba ɗaya cikin gaggawa, a ko'ina, ƙasa da tsakuwa duk suna shiga. Baba yana zaune a kan turmi da ya kife, da carbi a hannu.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yadda ya saba. Na gaya masa yadda aka yi, da sharaɗin da na kafa, da yadda aka karya shi. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Na san ba kai ka riƙe wayar ba."

Na ce, "Baba, ga mota. A kai sitona a ajiye maka har ƙura ta lafa. Ba saya zan yi ba, ajiya ce."

Ya ɗago. "Sitonka? Shi ba ya cikin waya?"

Ledar garina ce ta rufe bidiyon.

Bai sayar mini da ko tiya ɗaya ba, kuma ba don fushi ba ne kaɗai. Ya raba geron kasuwa kasuwa, ta hannun mutane daban daban, don kada wani ya iya haɗa lissafin abin da ya fita. Motata dai ya yarda ta yi jigila, da sharaɗin kada ta bi hanya ɗaya sau biyu. Da rumbunan suka zama wayam, ya sa aka rushe su, aka bar kangon a fili don duk mai leƙe ya gani. Rumbunan da tun ina yaro nake ganin su. Sannan ya kwashe iyali ya koma Kurfi, gidan mijin 'yarsa, aka ba su ɗakuna biyu a zaure na ciki. 'Ya'yansa maza suka watse neman aiki. Maƙwabtansa biyu ma suka bi bayansa, don sun ce in an zo ba a samu mai rumbuna ba, ba za a koma hannu wofi ba.

A cikin wannan hali aka aiko mini da gayyatar ranar rufe shirin. Ranar ce kowa zai tsaya a gaban manyan baƙi ya tallata sana'arsa. Matata ta ce kada in je. Na ce zan je. Alhajin Kaduna zai zo, kuma takardar shaidar da za su bayar tana sauƙaƙa neman lambar hukuma. An riga an biya kuɗin abin nan da gidan Baba, ba zan bar musu shi kuma su haɗa da riba ba. Ni fushi ba ya hana ni lissafi.

Ɗakin ya cika. An yi ado da balan-balan, an jera ruwan gora. Da aka kira sunana, ina tafiya zuwa gaba, sai na ji kiɗan nan mai taushi ya tashi. Na waiga, ga rumbunan Baba a jikin bango, manya manya, sun fi yadda suke a gaske. Wai an cire daga shafi, amma an ajiye na nuna wa baƙi.

Na taka zuwa inda na'urar take, na zare wayar wutarta. Bangon ya koma fari. Yallaɓai ya taso da sauri yana cewa, "Alhaji, Alhaji, don Allah," cikin raɗa. Na karɓi lasifikar daga hannunsa.

Ban ɗaga murya ba. Na yi sallama, na ce sunan sana'ata kaza, ina yin garin kunu da garin fura, ga shi a kan tebur kowa ya ɗanɗana. Na ce rumbunan da kuka fara gani yanzu babu su, an rushe su, mai su yana gudun hijira a gidan surukinsa, kuma hoton nan ne ya kore shi. Na ce an ɗauke shi ne a ɓoye, lokacin da mai gidan yake salla, bayan an ci zakaransa. Na ce duk wanda zai zo ƙasar nan ya taimaki mai sana'a, ya fara tambayar me ya sa mutanenta ba sa faɗin abin da suke da shi, kafin ya koya musu faɗa. Na ajiye lasifikar.

Ba wanda ya tafa. Wani babban baƙo ya sunkuya yana tambayar na kusa da shi, aka yi ta fassara masa. Mai gabatarwa ya ce, "To, mun gode wa Alhaji da wannan shawara," ya kira mai sabulu. Da aka zo rabon takardu na karɓi tawa. Aka ce in tsaya a yi hoto, na ce na ƙoshi.

A bakin ƙofa Alhajin Kaduna ya riƙo hannuna. Ya ce, "Malam, kana da zafi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, garina ma akwai citta."

Ya yi dariya, ya ce in aiko masa da kaya ya gwada. Daga baya Yallaɓai ya turo mini dogon saƙo, ya ce sun ɗauki darasi, za su gyara tsarinsu. Ban ga ya nemi hanyar Kurfi ba. Shirin ya naɗe tabarmarsa ya koma wata jiha.

Lambar ta fito. Garina ya shiga kantunan Kaduna, daga can ya wuce gaba. Na ƙara inji, na ɗauki ma'aikata. In na ce shirin bai amfane ni ba, na yi ƙarya, kuma wannan ne abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Gero yanzu a kasuwa nake saye kamar kowa, buhu buhu, mai warin magani, sai an wanke an sake wankewa. Mutanen birni ba su san bambanci ba. Hajiyar nan ta sani. Ta taɓa ce mini, "Alhaji, kunun nan kamar ya canza," na ce mata ƙasa ce ta canza.

Har yanzu ina zuwa taruka in an gayyace ni, don a can ake haɗuwa da masu saye. Ina zama kusa da ƙofa, ina shan shayinsu, ina karɓar lambar wanda nake bukata. In aka tambaye ni daga ina nake samun gero, sai in ce daga Allah. An taɓa neman in zo in riƙa ba sababbin shiga shawara, in kuma haɗa masu shirin da manoma. Na ce shawara kyauta ce, manoma kuwa ban san ko ɗaya ba.

Damina ta zo ta wuce, gonar Baba ba a shuka ta ba. Wanda zai shiga ya yi noma a gonar mai rumbuna, sai ya shirya amsa kira. Ina zuwa Kurfi gaishe da Baba duk lokacin da na samu hanya. Nakan tafi da buhun gero, in ba surukin a ɓoye, don Baba ba zai karɓa daga hannuna ba. Mutumin da bai taɓa auna hatsi a kasuwa ba tun da aka haife shi, yanzu jikokinsa ne suke zuwa da kwano wurin masu tiya.

Zuwana na bayan nan na same shi a kan benci a ƙofar wani shagon tela, yana kallon babura suna wucewa. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, na ce alhamdulillahi. Ya ce an gaya masa ruwa ya yi kyau bana a wajensu, ƙasar ta sha har ta ƙoshi. Ya ce irin geronsa yana nan, ya ɗaure 'yan zangarnu a rufin ɗaki, amma iri ba ya son daɗewa bai ga ƙasa ba.

Can ya matso kusa, ya rage murya don kada telan ya ji.

"Yaro, duba mini. Har yanzu ina cikin wayar?"

Na ciro wayata na nema. Ban sha wahala ba. Wani shafi da ban taɓa jin sunansa ba ya sake sa shi, an canza kiɗan, mutane suna ta rubuta masha Allah a ƙasa.

Na ce, "Kana ciki, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, bana ma ba noma."